Waƙa ɗaya, suna huɗu: ja-in-ja kan wata waƙar biki a Gombe

Waƙar ta fito bayan ƙaramar Salla, daidai lokacin da bukukuwan aure suke cunkushewa a Gombe. Wanda ya yi ta matashi ne ɗan Bolari mai takardar NCE, kuma a wani ɗan situdiyo da ke Jekadafari aka ɗauke ta. Don bikin ƙanwar abokinsa ya tsara ta, ba da nufin ta wuce wannan gidan ba. Sai ga shi kafin ruwa ya zauna ana jin ta a cikin Keke Napep, da rumfunan cajin waya na wajen Tashar Dukku, da wuraren kamu da dina tun daga Tunfure har Kumo.

Muddin ana rawa da ita, babu wanda ya damu da sunan da za a kira ta. Magana ta taso ne da ƙungiyar ɗaliban Hausa ta wata babbar makaranta a jihar ta sa gasar waƙa cikin makon Hausa. Takardar shiga gasar ta ware rukuni uku: waƙar gargajiya, waƙar zamani, sai bege da faɗakarwa a haɗe. Mawaƙin ya sa alama a kan zamani. Sakataren kwamiti ya saurara, ya ji kalangu kusan daga farko har ƙarshe, sai ya mayar da ita gargajiya bai tuntuɓi kowa ba. Nan take 'yan rukunin gargajiya suka ce ba su yarda ba. Su sun ɗauko masu kukuma da masu ƙwarya, sun biya kuɗin mota da na abinci, ba za a haɗa su da mai filashi a aljihu ba. 'Yan zamani kuwa, da suka ga an ɗauke musu babban abokin karawa, suka yi gum.

Aka miƙa maganar ga alƙalan gasar su uku: wani malamin adabi daga sashen Hausa, da wata Hajiya da ta daɗe tana gabatar da shirin zaɓen waƙoƙi a rediyo, da wani mai haɗa kiɗa da ke da situdiyo a Tudun Wada. Malam ya ce waƙar baka ce, ta gargajiya. Hajiya ta ce nanaye ce tsantsa. Mai situdiyo ya ce kiɗan rawa ne irin na yanzu, har da gambarar zamani, wato rap, a tsakiyarsa. A waje kuma akwai mata da yawa da suka ajiye ta a waya cikin waƙoƙin bege, suna kunna ta a walima.

Abin da ke cikin waƙar

Cikakkiyar waƙar minti shida ce da daƙiƙa 40. Tana buɗewa da bisimilla da salati, murya zalla babu kiɗa, na kusan daƙiƙa 40. Daga nan gindin waƙa ya shigo, layi biyu, muryar mace ce ke ɗauke da shi, kuma shi ake komawa bayan kowane ɗa. Ɗiyan waƙar biyar ne, tsawonsu bai daidaita ba: na farko layi biyar, na biyu bakwai, na uku huɗu, na huɗu goma sha ɗaya, na ƙarshe shida. Babu amsa-amon da aka riƙe daga farko zuwa ƙarshe. Ɗa na farko da na biyu yabon amarya ne da iyayenta, na uku nasiha ce kan zaman aure, na huɗu jero dangi ne da garuruwansu cikin sauri, har da layi biyu na Fulatanci, na biyar addu'a ce da yabon Manzon Allah (SAW).

Ta wajen kiɗa, saurinta bugu 112 a minti. Akwai fiyano, akwai gangar nan mai kauri ta amapiano da ta zo daga Afirka ta Kudu ta mamaye situdiyoyin Nijeriya, akwai tafi na kwamfuta, sannan akwai kalangu na gaske wanda wani dattijo makaɗi ya zo ya buga a gaban makirfo.

Abin da ya fara bayyana a zaman alƙalan shi ne ba abu ɗaya suka saurara ba. Hajiya ta san waƙar ne ta yankin da ake sakawa a rediyo, minti uku da rabi, wanda aka datse masa salatin farko da ɗa na huɗu da na biyar don ya shiga tsakanin talla da talla. Mai situdiyo ya fi sanin guntun da ya yi yawo a TikTok, wato gindin waƙar da farkon ɗa na huɗu, abin da bai kai rabin minti ba. Malam ne kaɗai ya zauna da cikakkiyar. Akwai ma ta huɗu, wadda mawaƙin ke yi a wajen biki, takan kai minti tara ko goma saboda sunayen masu liƙi da yake cusawa. Sun kusa awa guda suna musu kafin Hajiya ta ce, "Allah gafarta Malam, wane yabon Annabi kake ta ambata? Ni ban ji shi ba." Sai a lokacin aka sa cikakkiyar kowa ya ji.

Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma maganinsa mai sauƙi ne: kafin a ce komai a kan rukunin waƙa, a tsayar da wace ɗauka ake magana a kai, a rubuta tsawonta.

Ma'aunin kowa

Ko bayan sun ji abu ɗaya, ba su daidaita ba, domin kowannensu da abin da yake aunawa.

Malam yana bin hanyar da masana waƙar baka suka shimfiɗa, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano. A wannan hanya ana raba makaɗa ne bisa wanda suke yi wa waƙa da wurin da suke yin ta: makaɗan fada, makaɗan jama'a, makaɗan sana'a, makaɗan maza irin na dambe da tauri, da sauransu. Kayan kiɗa yana cikin lissafi, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Kalangu an san shi da mahauta, duk da haka da shi Mamman Shata ya yi wa sarki da ɗan kasuwa da direba waƙa har ya rasu a 1999, kuma ba wanda ya kira shi makaɗin fawa. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai yake waƙa, ba 'yan amshi, amma a makaɗan jama'a ake lissafa shi tare da Shata. Saboda haka Malam ya ce a bar batun fiyano, a dubi gini: gindi da ake komawa, ɗiya marasa daidaiton tsawo, rashin amsa-amo, yabon mutum da sunansa da asalinsa, da damar a ƙara sunan duk wanda ya yi kyauta. Duka wannan tsarin makaɗan jama'a ne.

Hajiya kunnen mai sauraro take bi, kuma hujjarta ba ta banza ba ce. Sautin da ake kira nanaye ya kafu ne a situdiyoyin Kano wajen ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya zama shi ne makaɗin finafinan Hausa. Alamominsa sanannu ne: muryar mace siririya a sama, karin da ke lanƙwasawa irin na finafinan Indiya, sannan daga baya Auto-Tune, manhajar gyaran murya a kwamfuta, da ke sa murya ta riƙa tsalle daga wannan amo zuwa wancan. Gindin wannan waƙa yana da su duka ukun. Ta ce duk wanda ya bugo waya yana neman ta, cikin waƙoƙin fim yake jero ta.

Inda hujjarta ta yi rauni shi ne sauran sharuɗɗan. A nanaye namiji da mace suna musayar baiti ne, ya faɗa ta mayar masa, baitocin galibi tsawonsu ɗaya da amsa-amo, jigon kuma soyayya ce ko abin da labarin fim ya buƙata. A nan macen ba ta da baiti ko ɗaya. Aikin 'yan amshi take yi, ita kaɗai, an ninka muryarta sau uku a kwamfuta don ta cika kunne.

Batun bege bai ɗauki lokaci ba. Kusan kowane mawaƙin Hausa da sunan Allah da salati yake buɗewa, na siyasa ma haka, don haka mabuɗi ba ya mayar da waƙa bege. Bege jigonsa gaba ɗaya yabon Annabi ne, ko iyalan gidansa, ko shehunai. Ɗa ɗaya cikin biyar bai kai ba. Da aka tuntuɓi wasu sha'irai a gefe, su ma cewa suka yi kada a kawo musu ita rukuninsu, ga gangar rawa ga yabon amarya.

Abin da aka gani da aka buɗe kwamfuta

Mai situdiyon Tudun Wada ne ya kawo shawarar da ta fi amfani: a je inda aka haɗa waƙar, a buɗe aikin a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, a saurari kowane sauti a layinsa. Suka je, mawaƙin da mai haɗa masa kiɗa suna wurin.

Aka fara kashe komai aka bar muryar namiji. Babu fiyano babu ganga, abin da ya rage sai ka rantse a dandali ake yin sa. Karin ɗiyan a kan amo biyar yake yawo, kamar yawancin waƙoƙin baka na Hausa, kuma hawa da saukarsa suna bin karin harshen kalmomin. Auto-Tune ɗin da aka sa masa kaɗan ne, na gyaran kuskure. Aka koma muryar mace. A nan karin ya fita daga amo biyar ɗin, ya ɗauko ƙarin amo biyu da ke kusa da juna, waɗanda su ne ke ba da wannan lanƙwasar ta Indiya, kuma an murɗa saurin gyaran Auto-Tune har ƙarshe. Mai haɗa kiɗan ya ce shi ya sauya karin gindin, domin yadda mawaƙin ya zo da shi "ya yi tsufa". Ashe Malam da Hajiya kowa da gaskiyarsa: ɗiyan na Malam ne, gindin na Hajiya.

Kalangun ya fi ba da mamaki. Dattijon ya buga na wajen minti goma, da uwar kalangu da ɗan karɓi. Amma daga cikin wannan duka, zagaye huɗu kacal aka yanko (zagaye shi ne ɗan gungun bugun da ake auna kiɗa da shi), aka ja kowane bugu aka ɗora shi daidai kan layin awo na kwamfuta, aka maimaita shi har ƙarshen waƙa. Matsalar ita ce dattijon yana raba kowane bugu gida uku, gangar amapiano kuma gida huɗu take rabawa. Da aka tilasta ukun ya zauna a gurbin huɗu, lilon da ke sa kafaɗa motsi ya tafi. Abu na biyu, kalangu da hammata ake sarrafa shi: makaɗi ya matse tsarkiya sauti ya hau, ya saki ya sauka, da haka yake faɗin take, yana amsa wa mawaƙi. Guntun da ake maimaitawa ba ya amsa wa kowa. Ko mawaƙi ya ambaci uban amarya ko ya ambaci Makka, abu ɗaya yake faɗa.

Wuri ɗaya ne aka bar hannun dattijon yadda yake, tsakanin ɗa na uku da na huɗu, na kamar daƙiƙa takwas. A nan an kashe gangar kwamfuta, ya buga taken gidan su amarya. Mai haɗa kiɗan ya ce ya bar shi ne don ya kasa daidaita shi da awo. Masu zuwa biki sun san wurin, a nan tsofaffin mata ke yin guɗa.

Saura ɗa na huɗu, wanda samari ke kira gambara. Gwajinsa shi ne ƙirga. Mai gambarar zamani a kan bugu yake zama, yakan cika zagaye takwas ko sha shida, ƙarshen layukansa suna amsa juna kuma suna faɗowa wuri ɗaya a cikin awo. Layuka goma sha ɗayan nan ba su yi haka ba. Wani ya ƙare a tsakiyar zagaye, wani ya haura, tsawon kowanne gwargwadon numfashin mai faɗa ne. A allon kwamfuta ma an ga inda aka ƙara zagaye biyu na kiɗa don su ishe shi. Wannan kirari ne irin na sanƙira, wanda ke bin bayan makaɗi yana fayyace asalin mutum. Mai situdiyon Tudun Wada da kansa ya janye maganar gambara, amma ya tsaya a kan cewa abin da ke motsa ƙafar mutane a waƙar kwamfuta ce ta yi shi.

A ganinmu a nan ne hukuncin gaskiya yake: ta fuskar gini da manufa waƙar jama'a ce ta biki, ta fuskar sauti kuma aikin situdiyo ce. Kiran ta nanaye ya dace da layi biyu ne kawai daga cikinta, sai dai layi biyun nan su suka fi yawo.

Abin da ya sa mawaƙin ya ƙi sunan gargajiya

Malam ya ɗauka yabo yake yi masa. Mawaƙin bai ɗauke shi haka ba. "Ranka ya daɗe," in ji shi, "in aka ce gargajiya, gobe maroƙi za a kira ni, ni kuwa ina neman aure." Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Gombe ko a wani gari na ƙasar Hausa. Har yanzu akwai gidajen da za su ba mai shiga situdiyo 'yarsu amma su yi nawa in aka ce makaɗi ne.

Akwai kuma batun ciniki. Wanda aka sani da gargajiya, in aka gayyace shi biki ana sa ran ya zo da jama'arsa: masu kalangu, da mai kuntuku, da 'yan amshi, da sanƙira, mutum biyar ko shida, kuma abin da aka liƙa da su za a raba. Na zamani filashi yake kawowa, DJ ya saka, shi ya riƙe makirfo yana bi. Kuɗin gayyata ba ɗaya ba, motar da za a aiko ba ɗaya ba. An riga an sami saɓani a kan haka: wani attajiri a wajen Bajoga ya ji waƙar a shirin gargajiya na rediyo, ya aika a ɗauko masa "masu kalangun nan", ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ya tara dattawa. Sai ga yaro ɗaya da lasifika. An yi bikin, amma cikon kuɗin bai fito ba sai da aka sa baki.

A intanet matsalar wata iri ce. Kamfanonin da ke rarraba waƙa zuwa Audiomack da Boomplay da Spotify suna sa mai waƙa ya zaɓi rukuni daga jerin da suka tanada, kuma babu nanaye a ciki, babu bege, babu waƙar biki. Yaron da ya ɗora masa ita Afropop ya zaɓa, sai na'ura ta riƙa jera ta da waƙoƙin Legas, inda masu sauraro ba su jin Hausa. Abin da ya taimaka daga baya shi ne ƙara kalmomin "waƙar biki" da "amarya" a take da bayanin YouTube, tunda da su mutane ke nema. Irin wannan gardama ba a nan kaɗai ake yin ta ba. A 2019 mujallar Billboard ta Amurka ta cire wata waƙa da ta yi tashe daga jerin waƙoƙin country, wani rukunin kiɗa na Amurka, bisa hujjar cewa ba ta cika siffofinsu ba, aka yi ta cece-kuce. Masu turin waƙa a Babbar Kasuwar Gombe su ba su wahalar da kansu ba: sun kwafa ta a jakar nanaye, sun kwafa ta a jakar biki, duk wadda mai memori ya nema zai same ta.

Hukuncin kwamiti

Da aka koma kan takardar gasar, sai aka ga ita ce tushen rikicin. Rukuni biyu na farko, gargajiya da zamani, da kayan kiɗa aka raba su. Na uku, bege da faɗakarwa, da jigo aka ware shi. Ma'auni biyu ke nan a takarda ɗaya, don haka dole a sami waƙar da za ta shiga gida biyu ko ta rasa gida. Waƙar bege da aka yi da mandiri, alal misali, gargajiya ce ko bege? Ba a taɓa tambaya ba don ba a taɓa samun wanda ya yi ƙorafi ba. Takardar maki ma haka take: 30 na kayan kiɗa, 30 na jigo, 20 na harshe, 20 na aiwatarwa, ba a faɗi abin da za a yi da wanda kayan kiɗansa ke cikin filashi ba.

Abin da ya raba gardamar wani layi ne a sanarwar gasar da kowa ya manta da shi, wanda ya ce mai shiga rukunin gargajiya zai yi wasansa a gaban jama'a da makaɗansa. Aka ba mawaƙin zaɓi: ko ya zo da dattijon da 'yan amshi ya yi ta kai tsaye ba kwamfuta, ko ya koma zamani. Ya gwada na farkon sau ɗaya a tsakar gida. Bai yiwu ba, domin ya saba da awon kwamfuta mai raba bugu huɗu, dattijon kuma ya koma ukunsa, suka riƙa saɓawa a kowace shiga ta gindi. Ya koma zamani, ya zo na biyu. Malam ya sa hannu a takardar sakamako, amma ya rubuta a gefe cewa shi har yanzu waƙar baka yake ɗaukar ta.

Kwamitin ya gyara takardar shiga ta shekara mai zuwa. Yanzu tambaya biyu ce dabam-dabam. Ta farko, wa aka yi wa waƙar kuma a ina ake yin ta: fada, biki, siyasa, fim, bege, faɗakarwa. Ta biyu, da me aka kaɗa ta: kayan gargajiya kai tsaye, situdiyo zalla, ko gauraye. Wanda ya ce gauraye zai faɗi ko makaɗin ya buga waƙar daga farko zuwa ƙarshe ne ko guntu aka yanka aka maimaita. An kuma ƙara cewa cikakkiyar ɗauka za a miƙa, da tsawonta a rubuce, kuma sakatare ba shi da ikon sauya wa kowa rukuni sai alƙalai sun zauna.

Abu ɗaya ne zaman bai warware ba, wato rabon dattijon. A al'adar makaɗa, mai kalangu yana da kaso a duk abin da aka samu a wajen wasa. A al'adar situdiyo an sallame shi ranar da ya buga, shi ke nan, kuma sunansa bai fito ko'ina a jikin waƙar ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi haƙƙi ga wanda ya aiwatar da wasa, amma babu wata takarda tsakaninsu da ta nuna abin da aka yi yarjejeniya a kai. Da ya ji Malam na cewa waƙar ta gargajiya ce, sai ya aiko ɗansa ya tambaya ko hakan na nufin yana da kaso a kuɗin bukukuwan da ake zuwa da ita. Mawaƙin ya ce ai kwamiti ya riga ya ce ta zamani ce. Maganar tana hannun mai unguwa, kuma dattijon ya ce ba zai sake shiga situdiyon ba sai an rubuta.